Rasuwar Gwaggo Mai Cin Sifili

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har baki, Sakataren Ƙungiyar Tsofaffin Ma'aikatan Gidan Waya, a madadin kansa da mai ɗakinsa da sauran masu jimami, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutarsa, wadda aka fi sani da Gwaggo. Rai ya yi halinsa da hantsin wata Talata a tsakiyar watan jiya, a kan teburinta da ke kusurwar falo, tsakanin firij da tagar nan da ba ta rufuwa sosai, bayan ta sha doguwar jinya. Ta cika tana bakin aiki, ana cikin tashinta daga barci.

Sakatare ba baƙo ba ne a wannan fage. Shafin baya na mujallar ƙungiya nasa ne, kuma da wuya wata ya ƙare ba a samu wani tsohon abokin aiki da ya ce ga garinku nan ba. Ya yabi masu rowa da kyauta, ya yabi masu faɗa da haƙuri, alƙalaminsa bai taɓa gardama ba. Wannan ce sanarwa ta farko da ta ba shi wahala, don a kan marigayiyar ya rubuta duk sauran.

Gwaggo ta shigo gidan ne a kwali, tun tana fara sol, kafin shekaru su mayar da ita ruwan ƙasa. Sunan kuwa ta same shi ne saboda yadda take tashi daga barci. In aka danna mata maɓalli sai ta yi nishi, ta ce "ƙrrr, ƙrrr," ta yi shiru kamar ta fasa, can kuma ta ce "tiit." Sakatare kan kunna ta ya tafi ya haɗa shayi, ya sha rabi, ya dawo ya tarar tana neman inda ta ajiye kanta. Duk wanda ya zauna da ita zai shaide ta da natsuwa. Ba ta taɓa leƙa intanet ba, saboda haka ba ta san tsegumi ba. Ta riƙe adireshin kowane ɗan ƙungiya, har da na waɗanda suka sauya gida don guje wa surukai, kuma ba wanda ya taɓa jin ko kalma ɗaya daga bakinta.

Babban aikinta guda ne, duk ƙarshen wata. Akwai jadawali a cikinta mai ɗauke da suna da titi da gari da lambar yanki, wato lambobin nan da ke gaya wa ma'aikacin gidan waya buhun da zai jefa wasiƙa. Gwaggo takan ɗebo waɗannan ta zuba su a kan sitika ɗaya bayan ɗaya, firinta ta buga, Sakatare ya manna a ambulan, mujalla ta kama hanya.

Ba a so a tona aibin mamaci, amma ba za a rufe wannan ba, tunda rabin ƙungiya sun ɗanɗana. Gwaggo tana cin sifili. A ganinta lambar yanki lissafi ce, kuma a lissafi sifilin da ke gaba zaman banza yake, sai ta haɗiye shi ba ko sallama. Duk ɗan ƙungiyar da lambarsa ta fara da sifili, sai sitikarsa ta fito da giɓi. Sakatare, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a tsaye gaban akwatunan rarraba wasiƙu, ya san abin da wannan giɓi ke jawowa. Wasiƙa takan tafi yawon duniya ta dawo da tambarin ja a goshi, wata ma ba ta dawowa. Tsohon Direba ya taɓa yin watanni bai ga mujalla ba, har ya sa riga ya zo gida da kansa ya ji ko an sa shi a shafin baya ne ba a gaya masa ba.

A nan ne dole a ambaci babbar 'yar Sakatare, wadda yake kira Uwata. Ita ta sayo Gwaggo, ita ta tsara jadawalin. Shekarun baya ta samu aiki a wani gari mai nisa, uban ya ce ba inda za ta, ita kuma ta haɗa akwati. A bakin ƙofa, gaban mai tasi, ya faɗi maganar da ta zame masa ƙarfen ƙafa.

"Tunda aiki ya fi miki gidan ubanki, ki je. Ni dai ba za ki ji na kira ki ba, sai in aiki ne."

"To, Baba," in ji ta.

Wajen taurin kai kuwa ba ta bar masa komai ba. Shi bai kira ba, ita ma ba ta kira shi ba, sai dai ta kira uwar, uwar ta riƙa ɗaga murya tana maimaita labari don mai karanta jarida a falo ya ji. Haka aka zauna har ƙarshen wata ya zo, Gwaggo ta cinye sifilinta na farko. Sakatare ya zagaya tebur, ya zagaya falo, sannan ya ɗauki waya.

"Aiki ne ya sa na kira."

"Na sani, Baba. Me ya faru?"

"Gwaggonki ta cinye sifili."

Maganin da Uwata ta bayar mai tsawo ne. Sai an bi lambobin ɗaya bayan ɗaya, a sa 'yar alama a gaba, a mayar da sifilin, a danna, a jira. Jiran nan kuwa shi ne babbar baiwar marigayiya. Duk dannawa sai ta tsaya tunani, fankarta tana "huuu," kuma mutum biyu ba za su riƙe waya suna sauraron fanka ba.

"Ya ƙafar taka, Baba?"

"Da sauƙi. Ke kina cin abinci kuwa? Na ji muryarki ta rame."

"Murya tana ramewa ne?"

"Taki ta rame. To, Gwaggo ta dawo, in danna na gaba?"

"Danna."

A tsakanin sifilin Tsohon Direba da na matar marigayi Mai Awo ya ji an ƙara mata girma a wurin aiki. A tsakanin wasu biyu ya ji rufin ɗakinta yana yoyo, ya yi faɗa kamar shi ne mai gidan hayar. Ita ma a nan ta gano likita ya hana shi gishiri, ta yi nata faɗan. In an gama sai ya ce, "To, aiki ya ƙare," ta ce, "A gaida Mama," kowa ya ajiye da mutuncinsa. Wata na zagayowa, Sakatare ya buɗe jadawali don cire waɗanda suka rasu da shigar da sababbin masu ritaya, Gwaggo ta sake lashe sifilan tas. Ba ta taɓa saɓa alkawari ba, ko sau ɗaya.

Ciwon ajali ya fara ne da tari. Fankarta ta koma ƙara kamar ana jan kujera a kan siminti. Daga baya ta fara suma tsakiyar aiki, fuskarta ta yi shuɗi, ta farfaɗo ba ta san inda aka tsaya ba. An kai ta wurin mai gyara a kujerar bayan mota, an ɗaura mata bel. Mai gyaran ya buɗe cikinta, ya hure ƙurar da ta isa a shuka wani abu a kai, ya girgiza kai ya ce, "Baba, a dai yi ta lallaɓawa." An lallaɓa. Ranar Talatar ta ce "ƙrrr" sau ɗaya, ba ta kai ga "tiit" ba.

Washegari ɗan Sakatare na biyu ya iso, wanda ake kira Injiniya ko da yake wayoyi yake sayarwa. Ya zo da sabuwar kwamfuta siririya, irin wadda ake naɗewa a saƙala a hammata. Ya ciro jadawalin daga cikin marigayiya ya zuba a sabuwar, kuma a nan iyali suna yi masa godiya. Da ya tsaya a nan, da godiyar ta fi haka yawa. Sai ya hangi layin lambobin yanki, ya yi tsaki, ya danna nan ya danna can, kafin shayinsa ya huce ya jingina da kujera yana shafa tumbi.

"Shi ke nan, Baba. Na gaya mata layin nan duka rubutu ne, ba lissafi ba. Har abada ba za ta ci maka sifili ba. Ka huta, ba sai ka ƙara damun Yaya ba."

Sakatare ya cire tabarau ya shiga goge shi.

"Amma abin da mamaki," in ji Injiniya, wanda Allah bai hore masa gane lokacin yin shiru ba. "Wai duk shekarun nan Yaya ba ta nuna maka wannan ba? Ai ita ta koya min, tun kafin ta tafi."

Daga kicin aka ji mai ɗakin Sakatare ta saki murfin tukunya, sannan ta kira Injiniya ya zo ya duba mata wani abu da bai lalace ba.

Sakatare ya daɗe a zaune yana kallon sabuwar. Ashe Uwata ta san gajeriyar hanya tun ran farko, ta zaɓi doguwar. Bai ji haushi ba. Da wane baki ma zai ji, shi da ya haddace doguwar tun wata na biyu, har yana iya yin ta ido rufe, amma duk wata sai ya tambaya ina ake sa 'yar alamar? Abin da ya ji shi ne kewa, irin wadda ke zama a ƙirji ta ƙi tashi. Su uku suka riƙe wannan sirri, shi da Uwata da Gwaggo, kuma wadda ta fi su iya riƙewa ce ta tafi.

Don a cika gaskiya, ya gwada koya wa sabuwar halin marigayiya. Da Injiniya ya tafi, ya lallaɓa ya nemi inda aka danna don ya warware. Sabuwar ta ƙi. Da ya tambaya a fakaice, Injiniya ya ce, "Ai na kulle wurin, Baba, don kada ka taɓa da kuskure." Yaron kirki ne, ba a musu.

Ƙarshen wata ya zo. Sabuwar ta tashi kafin a ɗora ruwan shayi, ta zuba sitika cikin ƙiftawar ido, kowane sifili yana zaune daram a mazauninsa. Ba tari, ba nishi, ba jira. Sakatare ya manna su duka, ya jera ambulan, ya duba ko zai samu kuskure ko ɗaya, bai samu ba. Wayarsa tana gefe a kan tebur har la'asar. Babu aiki, saboda haka bai kira ba.

Marigayiya ta rasu ta bar firinta, abokiyar zamanta, wadda tun ranar take cin takarda don baƙin ciki, ko da yake dama ta saba. Ta bar maus, linzaminta mai igiya, da allon madannai wanda harafi ɗaya ya goge, da ƙullin wayoyi a bayan tebur da ba wanda ya san farkonsu. Ta bar ƙyallen rufa mai fure da mai ɗakin Sakatare ta ɗinka mata, wanda ya yi wa sabuwar yawa. Ta kuma bar uba da 'ya, kowanne riƙe da waya, kowanne yana jiran dalili.

Za a ɗauki gawa ranar Asabar da hantsi daga gidan Sakatare, a but ɗin motar Tsohon Direba, wanda ya ce ya yafe mata, zuwa shagon mai sayen tsofaffin kayan lantarki da ke bayan tashar mota. Ana roƙon masu rakiya kada su tambayi abin da za a yi da ita a can. Za a zauna karɓar gaisuwa a falo bayan an dawo. Injiniya zai kula da kujeru, kuma an roƙe shi kada ya gyara komai.

Waɗanda ke nesa suna iya yin ta'aziyya ta waya. Sakatare yana nan a kan maganarsa, shi ba zai kira ba tunda babu aiki, amma bai taɓa cewa ba zai ɗauka ba. Yana kuma tunatar da wadda abin ya shafa cewa Gwaggonta ce, ita ta kawo ta gidan, kuma gaisuwar rashi irin wannan ba a gama ta a kira ɗaya.

An buga wannan sanarwa a shafin baya, an aika wa kowane ɗan ƙungiya, an kuma ƙara ambulan ɗaya na wadda ba 'yar ƙungiya ba. Lambar yankinta da sifili ta fara. Sakatare ya sa tabarau ya duba sitikar da kyau kafin ya manna, sifilin yana nan, saboda haka babu zancen wasiƙa ta ɓata a hanya. Wayar tana kan teburin marigayiya, an cika ta da caji.