Wasiƙar da Na Karanta a Sama

Ba na jin zan taɓa mantawa da shekarar da aka daina cewa Gwalkwas aka koma cewa Gana, don a shekarar ne na taka ƙasar, a cikinta kuma na zubar da kunyar da na yi shekara goma sha takwas ina tarawa.

Ni tela ne a Dilimi, nan cikin Jos. Mutane suna cewa ina da haƙuri, ni kuwa na san rabinsa rashin saurin magana ne. A lokacin na shiga ajin yaƙi da jahilci, muna zama bayan la'asar a wata rumfa, da mu da leburorin haƙar kuza da masu sayar da katako, kowa da furfurarsa da fensirinsa. Wata bakwai na yi kafin na iya rubuta layi miƙaƙƙe.

Ina da suruka, Iya, mahaifiyar matata Hajara, tana zaune a Gada Biyu. Tun da na auri 'yarta ban taɓa kallon fuskarta ba. In na je gaisuwa, daga bakin ƙofa nake tuɓe takalmi in durƙusa, ita tana bayan labule. In muka yi kiciɓis a hanya, ni in shige lungu, ita ta ja gyale. Ba ta taɓa yi mini magana kai tsaye ba, sai dai ta ce, "A gaya wa Malam an gode." Duk gidan biki da ta shiga kuwa sai ta ba da labarina: surukinta mai kunya, wanda ko tarinsa ba ta taɓa ji ba. (Ba ni da gida na kaina, ba ni da gona. Wannan yabon shi ne kadarata, kuma ina ji da shi.)

Sai ga saƙo daga Kumasi cewa an yi wa Garba, ƙanin Hajara mai fataucin goro, haihuwa. Iya ta ce sai ta ga jikanta da idonta, rakiya kuma ta faɗo kanmu ni da Hajara. Don in burge, na sayi atamfa iri ɗaya, shuɗiya mai zanen ganye, na ɗinka wa uwa da 'ya, har da gyale. Ni da hannuna na yi wannan aikin, ba wanda ya sa ni.

Akwai kuma abin da na ɓoye a aljihu. Wasiƙa ce, ta farko da na rubuta a rayuwata, zuwa ga Hajara. Ita ba ta karatu, don haka sai dai in karanta mata. To a ina? Gidanmu na haya ne, bango ɗaya tsakaninmu da maƙwabta. A jirgin ƙasa da mota kuwa Iya tana nan. Takardar ta yi ta bina har ta yi laushi.

Kwananmu shida a Kumasi, Garba ya ce akwai filin wasa da aka kafa a bayan gari, sai mun gani. Muka je da hantsi. Ban taɓa ganin mutane haka ba, ko ranar da aka biya leburorin kuza. Ga dawakan katako suna zagaye da yara a kansu, ga garmaho yana kiɗa ta cikin wani ƙaton ƙaho, ga alewa kamar audugar rimi, ka sa a baki ta ɓace. Na riƙa tafiya kamar wanda bai gama farkawa ba. Can tsakiyar filin kuma ga wani lilo, kamar an cire ƙafar keke an tsayar da ita, ya fi rimi tsawo, da kujeru na rataye, kowace ta mutum biyu. Ina ganinsa na taɓa aljihuna. Can sama babu maƙwabci, babu kowa.

"Yaya, anya za ka iya?" in ji Garba. "Kai da ko kan jaki jiri kake yi."

"Ka dai riƙe mana Iya a ƙasa," na ce.

Muka shiga layi ni da Hajara, Iya da Garba suna gefenmu. Da yake Iya tana kusa, idona yana ƙasa, ƙafafun mutane kawai nake gani. Da aka buɗe ƙyauren, jama'a suka turo daga baya. Mai lilon, wani ƙato mai magana da yaren da ban sani ba, yana cafkar mutane biyu-biyu yana cusawa. Ya cusa ni, ya cusa shuɗiyar atamfa mai zanen ganye kusa da ni, ya ja ƙarfe ya kulle mu.

Muka tashi. Hayaniyar ta riƙa yin ƙasa har ta koma kamar kukan ƙudan zuma. Rufin kwano ya bazu ja-ja-ja, bayansa kurmi kore har inda ido ya ƙare, wani farin gajimare yana kwance a kansa. Na tuna duwatsun Jos da safe, lokacin da hazon damina yake sauka a kansu, na ji kamar in na miƙa hannu zan taɓa su. Shaho ya wuce ta ƙarƙashin ƙafata. Ta kusa da ni ta ja gyale ta rufe fuska, ta juya mini ƙeya. Na ce a raina tsoro ne, har ta ba ni tausayi.

Daidai ƙololuwa lilon ya tsaya, ana ɗaukar wasu a ƙasa. Na zaro takardata. Wanda ya koyi karatu da girma ya san ba a ɗaga ido daga layi, in ka ɗaga ya gudu. Na sa yatsa na fara, gaɓa-gaɓa:

"Hajara, ni ne mijinki. Na koyi rubutu. Sunanki na fara rubutawa kafin nawa. Ina son wushiryarki. Ina son tafiyarki in kin ɗauko ruwa daga famfo, ina leƙenki ta tagar shago."

Na ji kujerar ta motsa. Na ce daɗi take ji. Na ƙara murya.

"Ran da kika kwana uku a Gada Biyu, tuwo bai shiga cikina ba. Ina son Iya ƙwarai. Amma na fi sonta ranar da take komawa gidanta, don in ta zo, sai in yi sati ban ji dariyarki ba."

Lilon ya motsa, muka fara gangarowa. Na ɗaga kai don in ga yadda maganar ta sauka, sai idona ya faɗa ƙasa, bakin ƙyaure. Ga Garba. Kusa da shi ga Hajara, cikin shuɗiyar atamfa, tana ɗago mini hannu.

Na dube ta. Na dubi gefen zanen da ke kusa da gwiwata. Ɗinkina ne, duka biyun.

Na yunƙura in tashi, ƙarfen ya mayar da ni. Hulata ta tafi. Na kai hannu in kama ta, iska ta karɓi takardar. Na ja ƙafa don kada gwiwata ta taɓa ta surukata, takalmin dama ya sulluɓe ya bi su. Muka iso ƙasa, na ɗaga wa mai lilon hannu biyu ina roƙo, shi kuwa ya ɗauka murna ce, ya yi mini dariya, muka sake yin sama. (Sau huɗu ake zagayawa. Na ƙirga.)

A zagaye na biyu na ja babbar rigata na rufe kaina. A na uku, daga cikin gyale, muryar da ban taɓa ji tana nufo ni ba ta ce:

"Malam."

"Na'am, Iya."

"Karatun da ake zuwa yi bayan la'asar ke nan?"

Na ƙara cusa kaina cikin riga.

"Saura layi nawa?"

"Biyu, Iya."

"Da ni a ciki?"

"Babu, Iya."

"To madalla." Da muka kai sama ta ƙara da cewa, "Wushiryar tawa ce ta gado. Ubanta shekara talatin yana kallonta, bai taɓa cewa komai ba."

Da muka sauka, Garba ya dubi ƙafata ɗaya ba takalmi, ya dubi Iya, ya zauna a ƙasa yana dariya har ana tsallake shi. Hajara tana ta tambaya me ya faru. Iya ta gyara gyale ta ce, "Mijinki ya yi mini karatu. Ki tambaye shi a gida, in na koma nawa gidan."

Muka dawo Jos. Iya ba ta yi fushi ba, da ma ta yi, da ya fi mini sauƙi. Labule ya ɗage. Yanzu in na je gaisuwa, a tsakar gida take tarbata, gaban matan gidan, ta ce, "Ga mai leƙe ta taga ya iso, ku ba shi tabarma." A gidan biki kuma an daina labarin suruki mai kunya, wani labarin ake yi, har kasuwar Katako ya kai. Wani mai sayar da katako da muke aji ɗaya ya tare ni ya ce in ara masa kalmomin, amma ban da layin suruka.

Abin da na koya shi ne, mutum ya riƙa ɗaga ido ko sau ɗaya ne kafin ya buɗe baki, kuma tela kada ya ɗinka wa uwa da 'ya iri ɗaya.

Abin da na bari a Kumasi: hula ɗaya, takalmi ƙafa ɗaya, wasiƙa ɗaya da saura layi biyu, da sunan suruki mai kunya.