Gidan Da Na Ba Sifili A Akurba

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya a bakin titi na zagi kaina a gaban ɗalibaina ba.

Ina koyar da zanen gine-gine a jami'a, ina kuma da ɗan ofis a cikin Lafia inda nake zana wa mutane gidaje. Ɗalibai sun san halina: duk wanda ya zana ɗakin da iska ba ta ratsa shi, ya faɗi (kuka ba ya ceton kowa a wurina).

Ran nan na kwashe su zuwa unguwar Akurba su ga gini da idonsu. Sai muka ci karo da wani gida. An toshe tagogi da bulo, an jera shaguna inda ya kamata baranda ta kasance, an rufe tsakar gida ruf da kwano. A zafin Lafia! Raina ya ɓaci, na sa aka tsayar da mota.

Na ce, "Ku dubi wannan tanda! Wanda ya zana ta bai cancanci riƙe fensir ba. Kowa ya fito da takarda ya ba shi maki."

Suka ba shi sifili. Ni ma na ba shi, har da jan biro.

Sai ga maigidan, wani Alhaji mai sayar da riɗi, ya fito yana washe baki. "Akitek! Yau kai ne a gidanmu? Yara, ai malaminku ne ya zana mini shi!"

A nan na gane shi. Shekarun baya na miƙa masa zane mai tagogi da fili, na koma kan takardun jarrabawa, ban taɓa leƙa ginin ba.

"Alhaji, ina tsakar gidan da na zana?"

"Buhunan riɗin Doma ne a ciki, in bar ruwa ya jiƙa su? Amma kwantar da hankalinka, duk wanda ya tambaya sunanka nake faɗa."

Duk wanda ya tambaya! Wallahi na ji kamar in shaƙe shi.

Wata ɗaliba da na kayar bara saboda taga ɗaya ta ɗaga hannu. "Sa, sifilin nan, mu goge ne ko mu bar shi?"

Na ce, "Ku bar shi."

Har yau ina jin haushin Alhaji. Amma yanzu ko ruwa ake tsugawa sai na je wurin ginin da na zana, kuma ba na zagin gida sai na tambayi wanda ya zana shi.