Lasifika Ya Zo Neman Ƙuri'ar Kakarsa

"Lafiya lau, gajiya ta bi lafiya. Au, ashe mijin nawa ne? Na ɗauka mai gyaran famfo ne, don shi ma sai ya ga dama yake leƙo ni."

Kaka na zaune a bakin gado, tabarau a kan karan hanci, tana fama da zare da allura. Jikan nata, wanda kowa ke kira Lasifika saboda shi ke riƙe makirufo a motar kamfen ɗin jam'iyya, ya tsuguna a bakin ƙofa da ƙunshin zane a hammata. Wata uku ya yi yana zagaya gari yana yi wa Lauya tonon silili don Injiniya ya ci zaɓen fidda gwani. Sai Lauya ya ci. Yanzu saura kwana tara babban zaɓe, kuma an faɗa wa kowa baro-baro: wanda aka kayar da jam'iyya a akwatin ƙofar gidansu, ya nemi wata sana'a. Akwatin nasu kuwa a hannun tsohuwar nan yake, ita da ƙawayenta 'yan fansho su arba'in, waɗanda ko tari ta yi sai sun ce amin.

"Tsohuwa mai ran ƙarfe, har yanzu kina nan? Zane na kawo miki, kada a ce na bar matata a wulaƙance."

Ta warware zanen. Fuskar Lauya ce daga wannan gefe zuwa wancan, kowace tana murmushi.

"Wannan ba ɓarawon agogo ba ne?"

"Wane agogo kuma?"

"Na tashar mota. Kai ka ce ya kafa tsani da rana tsaka ya cire masa hannaye biyu, aka shekara huɗu babu wanda ya san ƙarfe nawa."

"Gyara ya kai su."

"To gadar fa? Ka ce ya sayar da ita, da mai saye ya zo ɗauka ya tarar wani ya riga shi, sai ya haɗa shi da kogin."

"Zafin fidda gwani ne, Kaka. A lokacin ko ke kika tsaya takara, sai na rantse ke kika ɗauke gadar."

"Da wannan gwiwar? Ai da na iya ɗaukar gada, da tuni na ɗauke ka na kai wa wata, na huta."

"Wa zai karɓe ki in na tafi? Haƙori uku gare ki, su ma ba sa ga maciji da juna."

"Sun fi jam'iyyarku haɗin kai. Nawa ko ba komai wuri ɗaya suke tauna."

Lasifika ya gyara tsugunno, ya sauke murya irin ta masu kawo labari mai daɗi. "Ai an yi sulhu. Injiniya da Lauya sun rungumi juna a gaban 'yan jarida."

"Na gani a talabijin. Na kuma ga Injiniya yana laluba aljihunsa bayan an sake shi."

"Hankici yake nema."

"Bai samu ba kuwa. Kuma rabin mutanensa da ka koya wa waƙar agogo, ina suke yanzu? Ba suna wajen Likita ba, ɗan takarar waccan jam'iyyar?"

Ya buɗe baki zai kare kansa, sai ƙarar mota ta taso daga bakin layi, da wata murya mai kauri tana ratsa taga.

"Jama'a, duk wanda ya zaɓi Lauya, ya ɗaure ƙofar gidansa da sarƙa, don da ita zai tafi."

Muryarsa ce. Har ɗan tarin da yake yi kafin ya ce "sarƙa" yana ciki. Mutanen Likita sun naɗe ta tun lokacin fidda gwani, yanzu ita suke sakawa daga safe har yamma. Lasifika ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Kaka ta karkata kunne, tana gyaɗa kai. "Kai, yaron nan ya iya magana. Ka san shi?"

"Kwaikwayo ne."

"Har tarin? Ka ga mijin kirki, yana yi wa jam'iyya biyu aiki a rana ɗaya, amma har yau a kwanon uwarsa yake cin abinci."

Ya miƙa hannu ya karɓi allurar, ya zura mata zaren, ya mayar mata. "Kaka, in aka kayar da mu a akwatin nan, sun kore ni. Ba ni da wani aikin sai wannan."

Tsohuwar ta dube shi ta saman tabarau, tausayinsa ya kama ta, amma bakin bai yarda ya huta ba.

"Shekara talatin ina koyarwa, ban taɓa ganin ɗalibai masu riƙe karatu kamar matan nan ba. Sau ɗaya ka faɗa, suka haddace. Matar mai gyaran rediyo har ta cire ƙofarta ta tura ƙarƙashin gado, labule take ratayawa. Yanzu in je in ce musu me? Malamin ya canja amsa?"

"Ke ai in kika ce musu rana daga yamma take fitowa, can za su juya kujeru."

"Shi ya sa ba na faɗa musu ƙarya. Ƙuri'ata dai taka ce, ba don ɓarawon agogo ba, don kada a ce ina auren marar aikin yi. Sauran arba'in ɗin kai ka cusa musu, kai za ka kwashe. Ka bi su gida-gida, ka tsuguna kamar yadda ka tsuguna nan, ka ce musu ƙarya ka yi. Ba da makirufo ba, da bakinka."

"Gida arba'in a kwana tara?"

"Wata uku ka yi kana zubawa, rangwame ma aka yi maka."

Ta ninke zanen ta tura ƙarƙashin matashi, ta ce a can ne kaɗai za ta iya sa ido a kan mai fuskar. Sannan ta jawo sandarta daga bayan gado ta miƙa masa.

"Riƙe, angona. Layin da tsawo, kuma akwai kare a gida na bakwai."

Lasifika ya karɓa yana dariya. "Kin ci, tsohuwa. Yau dai kin ci."

Daga nesa muryar ta sake tasowa, tana gargaɗin jama'a su ɗaure ƙofofinsu. Kaka ta soka allura a ɗinkinta.

"Ɗaga ƙafa mana. Ga ka can har ka riga kanka isa layin baya."