Kokwamba a Layin Mai

Da yammacin jiya 'yata ta shigo gidana ta tarar da ni zaune da cinyar kaza a hannun dama, yankan kek a hannun hagu, ga kwanuka a rufe sun yi sahu a kan tebur kamar ana biki. Na yi shekaru ina gyara wa marubuta kurakuransu a maɗaba'a, na karanta abin da ya fi ƙarfin idona, amma a cikin duk littattafan nan ban taɓa cin karo da jimlar da mutum zai faɗa a irin wannan hali ba. Sai na ce mata, "Sannu da zuwa." Bakina a cike yake, don haka ko wannan ma bai fita da kyau ba.

Kafin ku yanke mini hukunci, ku bari in faɗa muku yadda aka yi.

Kwanakin baya ta kai ni asibiti. Likitan yaro ne, takalmin da ke ƙafata ya girme shi a aiki. Ya auna jini, ya auna sukari, ya ɗora ni a kan sikeli, sannan ya juya ya yi wa 'yata bayani kamar ni buhu ne da ta kawo a duba mata. A hanya ta yanke hukunci. Tun tana ƙarama muke kiranta Alƙaliya a gida, kuma har yau ba ta sauka daga kujerar ba.

"Baba, in muka koma awo na gaba sikelin nan bai sauka ba, zan kulle gidan nan in mayar da kai wurina. Na gama magana."

Wurinta ɗaki ne kusa da na jikokina, inda talabijin ke ihu tun safe. Na tambaye ta littattafaina fa, ta ce ɗakin ba zai ci su ba, a zaɓi na zaɓa a bayar da sauran. A gidan nan uwarta ta rayu, a nan ta rasu, kujerarta tana nan inda ta bar ta kusa da taga. Ban faɗa mata haka ba, don mu tsofaffi in muka fara irin wannan magana sai a ce mun fara rikicewa, a ƙara saurin kwashe mu. Na dai ce na ji, zan rage.

Abincin rana bai ba ni wahala ba, tunda ni nake dafa shi, kuma duk wanda ya ɗanɗana girkina ya san rage cinsa ba sadaukarwa ba ce. Matsalar tana zuwa ne bayan la'asar, lokacin da rana ta yi sanyi. A wannan lokacin marigayiya takan kawo shayi da ɗan abin taɓawa a ƙaramin faranti, ta zauna ta ba ni labarin unguwa ina yi kamar ba na saurare. Da ta tafi, lokacin bai tafi ba. Kullum sai ya zo ya tsaya a tsakiyar falo yana kallona, ni kuma in toshe masa baki da biskit daga shagon bakin layi. Haka na tara wannan tumbin, yamma bayan yamma, da haƙuri da juriya, ba tare da tallafin kowa ba.

Da na tashi neman abin da zai maye gurbin biskit, sai Allah ya haɗa ni da Mai Girma Babban Jagoran Kwamitin Wayar da Kan Talakawa kan Ciye-ciyen Yamma, yana jawabi a rediyo. Allah ya ƙara masa lafiya, don da alama yana bukata: tsakanin kowace jimla da 'yar'uwarta sai ya tsaya ya yi haki kamar wanda ya hau bene. Ya shawarce mu da mu riƙa cin wasu 'ya'yan itatuwa da ban taɓa jin sunansu ba sai a littafin labarin ƙasa, waɗanda sai sun hau jirgin sama kafin su iso kasuwa. Ya ce kwamitinsa ya yi zama a babban otal, an tattauna illar cin abinci da yawa tun daga karin kumallo har zuwa liyafar rufe taro. Ya kuma yi alkawarin kafa sikeli kyauta a kowace unguwa. Wannan alkawarin, in faɗi gaskiya, an cika shi. An kawo sikelin unguwarmu da jiniya, an yanka ƙyalle, an tafa, an ɗauki hoto, sannan aka mayar da shi cikin mota domin unguwa ta gaba ma tana jiran a buɗe mata shi.

Sai na koma ga abin da Alƙaliya ta tsara. Kokwamba, wadda ruwa ce da aka yi wa riga. Karas, wanda haƙorana suka shigar da ƙara a kansa. Gwanda, idan ta nuna. Dafaffen ƙwai, ba gishiri. Gyaɗa cikin tafi ɗaya, kuma ta jaddada cewa tafin hannunta take nufi, ba nawa ba. Na bi wannan tsari da gaske, har wandona ya fara nuna alamun sassauci.

Ranan nan na ɗauki jarka na tafi layin mai, don injin wuta ma yana da nasa tsarin abincin, kuma shi ba a ce ya rage ba. Layin ya yi tsawon da har wanda ke gabana ya gama ba ni tarihin aurensa ya fara na ƙaninsa. Manya sun ce man yana nan a wadace, mu ne dai muke son tsayuwa. La'asar ta wuce, lokacin nan nawa ya zo ya same ni a tsaye. Na sa hannu a aljihu na ciro kokwamba, na goge ta da gefen riga, na gatsa.

Ashe Tela, maƙwabcina, yana bayana da tasa jarkar.

"Malam, me nake gani haka?"

"Kokwamba ce."

"Na san kokwamba. Ita ce abincin yau?"

"Rage ƙiba nake yi. Likita ne ya ce."

Ya dube ni daga hula zuwa takalmi, ya dubi wandon da shi da kansa ya ɗinka mini, ya ga yadda ƙugun ya yi sako-sako. Ya girgiza kai a hankali.

"Haka ne, Malam. Allah ya kawo mana sauƙi. Kowa ma rage ƙibar yake yi yanzu."

A nan na yi kuskure, don na ɗauka ya fahimta. Na manta a irin zamanin da muke ciki babu wanda ke yarda mutum zai rame da gangan. Shugabanninmu, Allah ya saka musu, sun riga sun ɗora kowa a kan tsarin rage ƙiba kyauta ta hanyar farashin kasuwa. Idan aka ga dattijo mara mata yana cin ɗanyar kokwamba a bainar jama'a, ba a tunanin likita. Ana tunanin tukunyarsa ta kife.

Washegari da yamma aka ƙwanƙwasa ƙofa. Matar Tela ce, wadda duk layin ke kira Maman 'Yan Biyu, da kwano a rufe.

"Baba Malam, na yi girki ne ya yi yawa, na ce kada ya lalace."

Soyayyen dankali ne da ƙwai, mai yana ƙyalli a kai. Na buɗe baki zan yi bayani, ta ɗaga hannu.

"Kada ka ce komai. Marigayiya ta yi mana abin da ya fi haka. Ranar da na haifi yaran nan ita ta kwana a kaina."

To, ku gaya mini yadda ake mayar da kwanon da aka kawo da sunan matarka. Na karɓa. Na yi niyyar in ɗanɗana kawai don in iya yabawa da gaskiya, kuma ni mutum ne mai son tabbatar da magana kafin ya faɗe ta.

Daga ranar girki ya fara yi wa matan layinmu yawa. Matar mai gyaran babur ta kawo soyayyar kaza. Malamar makarantar da ke kallon gidana ta kawo kek, wai na gwaji ne. Mai shago ya fara cusa mini biskit a leda ya ce kamfani ne ya ba da kyauta. Ba wanda ya taɓa haɗuwa da wani a ƙofata, kowa da ranarsa, kowa da uzurinsa, duk don kada in ji kunya. Ban taɓa ganin shirin tallafi mai tsari irin wannan ba. Ba a yi taron ƙaddamarwa ba, ba a buga riguna da hoton kowa ba, kuma abin mamaki, kayan suna isowa hannun wanda aka yi domin shi.

Na sake gwada gaya wa Tela gaskiya. Ya ce, "Malam, mun san halinku ku masu karatu. Kunya za ta kashe ku ba ku yi magana ba. Ka ci abinka, ba wanda ya sani." Duk layin ne ba su sani ba.

Wandon ya daina sassauci. Daga baya ya fara riƙe ni kamar ɗan sanda.

Haka Alƙaliya ta same ni jiya. Ba ta yi faɗa ba, wanda ya fi faɗan muni. Ta buɗe kwanukan ɗaya bayan ɗaya, ta rufe, ta ce, "Baba, ba sai mun jira awo ba. Ina akwatinka?" Ta wuce ɗaki na ji tana jan ƙofar kabad. Ina zaune da ƙashin kaza a hannu ina kallon kantar littattafai, ina tunanin waɗanne zan ceta.

Sai ga Maman 'Yan Biyu ta zo karɓar kwanonta. Ta ga mota a waje, ta ga 'yata ta fito da rigunana a kafaɗa, ta gyara tsayuwa.

"Au, yau an tuna da shi ke nan? Ke da motarki da aikinki, ki bar ubanki yana cin kokwamba a layin mai?"

"Ni na ce ya ci."

"Ke kika ce? Kuma kina faɗa da bakinki?"

"Mama, sukari ne da shi. Hawan jini ne da shi. Wannan man da kuke ɗura masa shi zai kai shi inda Ummanmu take."

Maman 'Yan Biyu ta juyo ta dube ni.

"Baba Malam, ashe ba babu ba ce?"

Na shafe rayuwata ina tsoron a ce mini matsiyaci. Ban san akwai ranar da zan tsaya a gaban mata biyu ina rantsuwa cewa ina da abinci, ƙiba ce kawai ta yi mini yawa, kuma in ji kunyar ta fi ta talauci ba. Na ce mata na faɗa wa mijinta har sau nawa. Ta ce mijinta ai ba a gaya masa magana, sai dai a auna shi da ita. Sannan ta ƙwace rigunan daga kafaɗar 'yata ta ajiye a kan kujera.

"Ba inda za ki kai shi. Mu muka ɓata, mu za mu gyara. Ki bar mana shi zuwa ranar awon. In bai sauka ba, ni zan ɗaure masa akwatin da hannuna."

Suka zauna suka ƙulla yarjejeniya a kaina, ina wurin, ba wanda ya nemi ra'ayina. Na saba da wannan, ai ni ɗan ƙasa ne. Kafin magariba sanarwa ta shiga dandalin wayar 'yan unguwa.

Yau da safe na je shago, mai shago ya ce biskit ya ƙare, alhali kwalayen suna bayansa har rufi. Mai gyaran babur ya ce daga yanzu ba mai ɗaukata zuwa bakin titi, tafiya a ƙasa magani ce. Da la'asar kwanuka suka iso kamar kullum: kokwamba an yanka ta zobe-zobe, karas an goge shi saboda haƙorana, gyaɗa cikin tafin hannun wata yarinya da ba ta shiga makaranta ba. Tela da kansa ya zo ya zauna ya tabbatar na cinye, yana ba ni labarin unguwa ina yi kamar ba na saurare. Gidana dai yana hannuna zuwa ranar awo, tare da masu gadi a kowace kusurwa.

Mutum ɗaya ne sanarwar ba ta kai gare shi ba, wani tsohon direba a ƙarshen layi wanda wayarsa ba ta karɓar komai sai kira. Ɗazu bayan Tela ya tafi, sai ga direban ya miƙo mini ƙunshin gasasshen nama ta taga, ya ce in yi haƙuri da halin ƙasa. In kun san shi, don Allah ku bar dattijo da ladansa. Alƙaliya ba ta karanta shafin nan da nake rubutawa, ta ce duk ƙorafi ne.