Hantar San Mambila

Har gobe ban manta da safiyar ɗaurin auren yayata Hadiza ba, a tsohon gidanmu na haya da ke bayan kasuwar Ogbete, lokacin Baba yana raye. Na gama sakandare ke nan, kaina cike da darasin noma da kiwo, ji nake kamar ni na ƙirƙiro shanu.

Dangin ango sun aiko da sa tun daga Mambila. Ina jin sunan wurin na tuna malaminmu ya ce shanun da ke kiwo a kan tsaunuka masu sanyi da laima sukan kwashi tsutsar hanta a ciyawa. Shi ke nan, tun ba a yanka shi ba na gama yanke masa hukunci. (Ranar rabon haƙuri ba na gida.)

Na bar mata suna gyaran attaruhu na zagaya bayan gida inda ake fiɗa. Na leƙa baho, sai ga wasu fararen zare-zare a jikin hantar. Wani dattijo na tsugune, ya naɗe hannun riga yana riƙe wa mahauta ƙafar san.

Na ce wa dattijon, "Sannu da aiki, Baba. Naman nan ba zai shiga tukunyarmu ba, tsutsa ce fal! Duk wanda ya kawo san nan bai ji tsoron Allah ba."

Wuƙaƙe suka tsaya cak. Malam Sule, mahaucin unguwarmu, ya ce, "Ke 'yar boko, matso." Ya tsaga hantar, ya danna da babban yatsa. "Mai tsutsa, kina matsawa za su sulalo kamar ƙananan ganye. Wannan jijiya ce. Ke ma kina da ita."

Dattijon ya miƙe yana goge hannu. "'Yata, ni na kawo shi. Da hannuna na riƙa ɗura masa magani."

Mahaifin ango! Ni ina can ina zaton cikin babbar riga zan gan shi.

Labari ya riga ni isa wurin Baba. Bai yi faɗa ba, Allah ya jiƙansa. Ya jira aka gasa hantar, ya miƙo min faranti ya ce in kai wa surukinsa, a tsakiyar maza. Na durƙusa, ƙasa ta ƙi tsagewa. Dattijon ya turo min farantin ya ce, "A'a, likita ce za ta fara ɗanɗanawa."

Na ci. Wallahi da daɗi, abin da ya fi ƙona min rai ke nan.

Bakina dai bai canza ba. Amma yanzu kafin in zagi mai kaya, sai na tambayi wane ne ke tsugune a gabana.