Jatau da Matacciyar Danja

Wani mutum ne a unguwarmu, Jatau, bakinsa ya fi ƙafarsa tafiya. Ka ce masa ina kwana, sai ya amsa maka da tarihin reluwe. Wai shekara talatin yana jan jirgin ƙasa daga Kano zuwa Ikko. Wai wata rana birki ya tsinke masa a gangare, da diddigensa ya tsayar da tarago arba'in. Babu wanda ya taɓa ganinsa kan dogo, amma da furfurarsa ya zo garin, sai aka bar shi da bakinsa.

Ana nan ya ƙyalla ido ya ga Hajiya Dudu, bazawara mai gidan kanta da injin markaɗe. Marigayi mijinta ɗan sigina ne, shi ke ba jirgi hannu ya wuce ko ya tsaya, kuma shekara da shekaru ita ke kai masa abinci bakin aiki. Ta sha faɗa, in ba ɗan reluwe ba, ita da aure har abada. Jatau ya yi wata uku yana sintiri, takalminsa har ya san hanya. Ta ce ya zo Juma'a bayan la'asar ya ji amsa.

Ya zo cikin riga ta sha sitati, tana ƙarau-ƙarau. Ya tarar da Hajiya a tsakar gida da aminanta biyu, ga farantin dambu, ga 'yarta Balaraba, malamar makaranta, da kwamfuta a kan kujera.

“Malam Jatau,” in ji Hajiya, “wai akwai wasan tuƙin jirgi a cikin abin nan, komai da komai kamar gaske. Na yi kewar jiniya. Ka kai mu tasha ɗaya, sai mu yi magana.”

Jatau ya dubi injin markaɗe, ya dubi dambu, ya naɗe hannun riga.

“Hajiya, wanda ya ja na ƙarfe, na hoto zai gagare shi?”

Balaraba ta nuna masa. “Baba, nan ne gudu, nan birki, nan oda, wato jiniya.”

Ya danna. Jirgi ya ɗauka, cukucuku, cukucuku. Fitila koriya ta wuce. Jatau ya ji abin ba wuya, ya gyara zama, har da karkata hula.

“Kun gani? Hannu ba ya mantuwa.”

Can sai ga fitila ruwan ɗorawa. Hajiya ta ce, “Wannan fa?”

“Ta 'yan koyo ce.”

Ya ƙara wuta. Aminan suka dubi Hajiya, ita kuwa ta ci gaba da cin dambunta.

Gaba kaɗan ga wata danja a tsaye, ba ja, ba kore, baƙi ƙirin. Balaraba ta karanta rubutun da ya fito. “An ce sigina ta lalace, Baba.”

“In ta mutu haka, ya kuke yi?” Hajiya ta tambaya a hankali.

Jatau ya yi dariyar manya. “Wuta aka ɗauke, Hajiya. In danja ta mutu, mai zuciya ke da hanya. Oda za ka kwanta a kai, ka cusa kai, kowa ya yi ta kansa.”

Ya kwanta kan oda, fooom, ya kutsa.

Dogo ya yi kwana. Yana miƙewa, sai ga jirgin shanu a tsaye a gabansa, kan layi ɗaya, yana ƙara girma. Gumi ya keto wa Jatau. Ya laluba dama, ya laluba hagu.

“Ina sitiyarin? Balaraba, ina kuka kai sitiyari?”

Bai jira amsa ba. Ya fizgo farantin dambu da hannu biyu ya shiga murɗawa, jikinsa duk ya kwanta hagu, ƙafarsa na taka tabarma tana neman birki. Dambu ya yi sama.

Ya ƙwala ihu, “Yaro, dira ka sa dutse a taya!”

Garam. Allon ya yi ja.

Kaji suka zo tsintar dambu. Aminiya ɗaya ta cusa mayafi a baki, kafaɗunta na rawa.

Hajiya ta karkaɗe zanenta. “Malam, mahaifin yarinyar nan ya taɓa tsayar da jirgi tun hantsi har azahar a gaban matacciyar sigina. A reluwe, wadda ta mutu ja ce. Tsayawa ake, sai ɗan sigina ya ba da izini. Wannan ko ni mai kai abinci na sani.”

“Ai jiragen zamaninmu...”

“Su ne masu sitiyari da yaron mota? Tifa ka ja ko motar roka?”

Jatau ya dubi farantin da ke hannunsa. Muryarsa ta koma kamar ta sauro.

“Tifa ce. Ta yashi.”

“To, madalla, sana'a ce. Da ita ka zo min, da na saurara.” Ta miƙa hannu. “Ga amsarka: danjar gidan nan ta mutu. In kana so ka kwanta kan oda. Ba ni sitiyarina, zan zuba wa baƙi abinci.”