Ranar da Bindigar Baban Hajiya Ta Cije Ni

Har in koma ga Mahaliccina ba zan taɓa mantawa da ranar al'adu ta makarantar da na fara koyarwa a Nassarawa GRA ba. Shekarun farkon shari'a ne, ga zaɓe ya matso, gari kowa a ɗar-ɗar, ko taya ta fashe sai an rufe shaguna.

Aikin gwaji aka ɗauke ni na wata uku, kuma a makon nan mai makarantar, Hajiya Bilki, za ta yanke hukuncin ko in zauna ko in kama hanyar gidanmu a Tudun Murtala. Matsalar ita ce, ranar da take tantance ni bakina ya zarce, na ce mata ni jikan mafarauta ne. (Kakana tela ne. Ko kaza ba ya iya yankawa.)

Sai ga ta ta aiko da bindigar marigayi mahaifinta, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, ƙirar ƙasar Sifen, ta ce ni zan yi wa iyayen yara bayani. Na karɓe ta ina jujjuyawa. Kyakkyawa ce kam: gudumarta an sassaƙa ta kamar kan kare, ga wani ƙarfe mai tsalle a waje, ga ɗan tsinin da ake kifa wa hular tagulla, wadda guduma ke duka wuta ta tashi.

Baba Sale maigadi, mutumin Jigawa, maharbi na gaske, shi ya zura sandar ɗura mata albarushi ya tabbatar babu komai a ciki. Ya ce, "Malam, ɗanawarta biyu ce. In ka ja ta yi ƙas sau ɗaya, ka tsaya nan, ko ka taɓa kunama ba za ta sauka ba. In ta yi sau biyu, to ka janye hannunka."

Na ce, "Haba Baba, a cikinta fa aka haife mu."

Ya dube ni, ya ce, "To, Allah ya kyauta."

Da aka kira ni gaban rumfa, gumi ya riga ya jiƙa min 'yar ciki. Alhazai da hajiyoyi sun cika kujeru, Hajiya na gaba tana murmushi. Aka kafa min lasifika a baki. Na ja gudumar, ƙas. Raina ya ce ɗaya ta yi kaɗan ga jikan mafarauta, na ƙara ja, ƙas. Sannan na ɗora yatsana a kan tsinin nan ina cewa, "A nan kakanninmu suke..." Ɗaya hannun kuwa ashe yana kan kunama, na matsa ta ban sani ba.

Jama'a, ƙarfen mutanen da ba wasa ba ne.

"Wayyo Inna! Ta kama ni!"

Lasifika ta kai ihun har titi. Wani ya ce an yi harbi, shi ke nan wuri ya yamutse. Kujeru suka kife, wani babban Alhaji ya bar takalmi ɗaya, direbobi suka tayar da motoci. Ni kuma ina tsalle da bindiga a rataye a yatsa, hawaye shaɓe-shaɓe, gaban ɗalibaina. Baba Sale ya tako a hankali, ya ɗage gudumar da babban yatsa ɗaya, ya karɓe ta, ya fara duba ko ita ta ji ciwo kafin ya dube ni.

Washegari na shiga ofishin Hajiya da yatsa a naɗe, na riga na haɗa littattafaina a leda. Ta dubi yatsan, ta ce:

"Malam, tun da bindigar nan ta shigo gidanmu ba ta taɓa fitar da jinin ko zomo ba, sai naka."

Na sunkuyar da kai na faɗa mata gaskiya. Ta yi dariya har da share ido, ta sa hannu a takardar tabbatar da ni a aiki, ta ce badi rumfar ƙwarya da ludayi za a ba ni.

Farcen bai sake fitowa daidai ba. Yanzu in aka tambaye ni abin da ban sani ba, sai in dube shi, in ce wallahi ban sani ba.